Rasuwar Alhaji Ya'u Idrisu, Mai Katin Alhamis

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Iyalan Ma'aikata Masu Fama da Taɓin Hankali ta Sharada, Challawa da Bompai ta samu labarin rasuwar Alhaji Ya'u Idrisu Na'ibawa, tsohon babban jami'in jinya, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Litinin. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekaruna saba'in da tara, da hannuna na rubuta wannan, kuma ina roƙon masu zuwa gidana suna girgiza kai su kai tausayinsu Na'ibawa, inda iyalansa suke.

Mun san marigayin tun zamanin da jiniyar masaƙu ke tashin unguwa, kekuna su cika ƙofar kamfani har mota ta rasa hanya. A wancan lokacin, ma'aikacin da ciwonsa ya tashi sai a kwantar da shi asibiti, ya fito ya tarar an ba wani injinsa, bayan wata shida a sake mayar da shi asibiti. Marigayin ne ya lura cewa mu mutane ne da in aka tambaye mu jiki sai mu ce da sauƙi, ko da mun yi mako ba mu runtsa ba. Sai ya buɗe wa kowane majinyaci kati. Kowace Alhamis yakan karɓi wannan amsa cikin ladabi, sannan ya tambayi awa nawa aka yi barci, sau nawa aka ci abinci da iyali, kwana nawa aka je aiki, ya rubuta. In barci ya ragu mako biyu a jere, sai ya ja jan biro, ya raka mutum wurin likita a gyara magani, ya kuma tsaya gaban manaja har a mayar da shi aikin safe.

Ɗana Muhsin, wanda aka kwantar sau biyar kafin a buɗe masa kati, yau shekara goma sha huɗu ke nan yana kwana a ɗakinsa, bai koma gadon asibiti ba. Irinsa sun haura ɗari biyu, Musulmi da Kirista.

Muna miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa Hajiya Fanna da 'ya'yansa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya ba su haƙurin jure wannan rashi.

Wasu a kwamiti sun nemi a rufe katunan sai bayan addu'ar arba'in. Kwana arba'in ya isa ya mayar da mutum gadon asibiti. Don haka na kwaso akwatunan katunan zuwa zauren gidana a Hotoro, kuma jiya Alhamis Malama Maryamu Bitrus, jami'ar jinyar da marigayin ya horar, ta ga mutum talatin da ɗaya. Ta ja jan biro a kati biyu. An riga an kai su wurin likita.

Hajiya Aina'u Sagir Hotoro
Shugaba kuma Kakakin Ƙungiya