Kundina da Littafin da Na Kushe

Anti, ki taimake ni kafin Litinin, asirina na gab da tonuwa.

Ni malamin Faransanci ne, shekara tara ke nan. Ina da wani tsohon kundi mai baƙin bango da nake rubuta darussana a ciki, har ɗalibai ke kirana Malam Kundi, kuma sunan yana min daɗi. Bara makaranta ta kawo sabon littafin koyarwa. A ɗakin malamai na ɗaga shi da yatsa biyu, na ce wannan sandar makaho ce, mai ido ba ya buƙata. Wata sabuwar malama da ke koyarwa da shi kuwa na laƙaba mata Malama Buɗe Shafi. Kowa ya yi dariya, ban da ita.

Wata rana na leƙa littafin don neman abin kushewa, sai na tarar ya fi kundina tsari. Tun daga nan, da an fita hutun tara sai in shige ajin da ba kowa, in kwafe darasi cikin kundina. Nakan canja kaɗan. Inda littafin ya sa hira a filin jirgi, ni sai in mayar da ita rigimar fasinja da kwandasta, don yara su saki baki. Suka kuwa ci jarrabawa.

Yanzu shugaban makaranta ya ce in kawo kundin Litinin, a buga a raba wa malamai. Malamar nan ta haddace littafin, shafi ɗaya za ta karanta ta gane. In ce ɓera ya ci kundin ne?

Malam Kundi

Malam Kundi, ka ƙyale ɓera, bai yi maka komai ba. Kai ka haƙa ramin, Allah ya taimake ka gajere ne.

Kana da gaskiya ta wani gefen: littafi ba ya koyarwa shi kaɗai. Wanda ya rubuta shi bai san ɗalibanka ba, kai ka san kwandasta zai buɗe musu baki. Wannan aikinka ne, ba wanda zai ƙwace maka. Amma tsarin na littafin ne, kuma malamar da ka yi wa ba'a ta riga ka ganin amfaninsa. Ita tana buɗe shafi a gaban aji, kai kana buɗewa a bayan ƙofa. Bambancinku ke nan.

Ka same ta tun kafin Litinin, ka ba ta haƙuri, ka nuna mata kundin. Sannan ka shiga ofishin shugaba da kundi a hannun dama, littafi a hagu, ka ce ka fi so ku biyu ku nuna wa malamai yadda ake juya darasi ya dace da aji. Malantarka ba a bangon kundi take ba, ƙanena.

Za a yi maka dariya, babu makawa. Ka bari ita ta fara, ta daɗe tana jira. Allah ya ba da sa'a.

Anti