Jan Dutse da Farin Dutse

Kiru, 9 ga Fabrairu, 1957

Zuwa ga Yaya Laraba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara da mutanen Tudun Wada baki ɗaya. Mu ma lafiya, sai dai kewar Habiba da ba ta sake ni ba. Jiya ta cika shekara da rasuwa. Allah ya jiƙanta.

Yaya, agana ta sake ɓullowa wajen Doguwa, an ce tana matsowa. An turo mana mai yin lambar rigakafi daga Kano, Malam Surajo, amma kin san namiji ba ya shiga gida. Da zarar mata sun hango littafinsa sai su tura yara bayan rumbu, wai rubuta su za a yi a tafi da su. Na roƙi maigidana, Malam Shitu, ya bar ni in riƙa shiga wa Malam Surajo gidaje, ya yarda, don shi ma ya ga yadda ciwon nan ya yi da 'yarmu.

Abu huɗu yake so ya sani a kowane gida: ko akwai wanda ba a yi wa lamba ba, ko akwai wanda tasa ba ta kama ba, ko maigida ya yarda a fito da yara, ko akwai mai zazzaɓi. Gida arba'in da uku, kaina ba zai riƙe ba, takarda kuma tsoro take ba su. Sai na kwance duwatsun wuyan Habiba, na ƙara da nawa. Ja yana nufin e, fari a'a. Kowane gida dutse huɗu a jere, in ƙulla, in wuce na gaba, daga masallaci har bakin rafi. Unguwarmu duka tana naɗe a hannuna, mata suna yaba min ado.

Ki yi mana addu'a. Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Safara'u

Kiru, 20 ga Maris, 1957

Yaya Laraba,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafar Inna?

Saura kaɗan in ɓata aikin. Na miƙa wa Malam Surajo zaren ta hannun maigida, ban faɗa masa ina ne farko ba. Ya kama daga wutsiya, komai ya juye. Ya je ya yi sallama da Sale maƙeri yana tambayar mai zazzaɓi, Sale ya fito da guduma a hannu ya ce ko fata ake yi wa iyalinsa, mutanensa ƙalau suke kamar ƙarfe. Gidan da ke da marar lafiyar kuwa an wuce shi. Da labari ya iso gare ni, sai na karɓo zaren. Na ɗaura wuri guda, irin na kuɗin da, a farkonsa, na aika wa Malam Surajo cewa daga inda wurin yake ake farawa. Kafin la'asar ya gano marar lafiyar, wata yarinya ce, aka keɓe ta, aka yi wa 'yan gidan lamba. Ta tashi, da 'yan tabo kaɗan a fuska.

Sau uku ina zagayawa ina sake jera duwatsun. Yara goma sha ɗaya tasu ba ta kama ba, duk an sake musu. Sale ma da kansa ya kawo nasa, yana cewa gara lamba da bakin Safara'u.

Yaya, ciwon ya shigo Kiru, ya taɓa gidaje, amma a unguwarmu ba mu binne yaro ko ɗaya ba. Ranar Juma'a na tsaya a ƙofar gida ina kallon yara suna tsere, kowa da tabonsa a dantse. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, na wanke fuska, na ɗora tuwo.

Mutanen Bebeji sun aiko in je in koya wa matansu. Malam Shitu ya ce in tafi ranar Litinin.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Safara'u