Carbin Baba Dabo da Jinkirin Ramlatu

Ramlatu, sanyin ruwan randa ga wanda ya wuni yana huɗa, ƙamshin ƙasa ran da aka yi ruwan shuka, furen wake da hantsi, kurciyata mai zobe a wuya, ki gaya mini tsakaninki da Allah: wane laifi na yi miki da kike shanya ni a ƙofar gidanku kamar barkono a kan tabarma? Wa ya koya miki wannan muguntar? Bari, kada ki wahalar da bakinki mai daɗi, na san shi. Ni ne. Ni Halilu, da wannan harshen nawa da bai taɓa koyon zama a cikin baki ba.

Amma faɗan ya dakata tukuna. Albishirinki! Sun karɓa, Ramlatu, sun karɓa! Ɗazu da hantsi ina shagon cajina a kasuwar Tsanyawa, ina fama da wayar wata tsohuwa da tururuwa suka yi gida a bakin cajinta, saƙon ya shigo. Na karanta sau ɗaya ban yarda ba. Na karanta na biyu na yi tsalle har kaina ya daki kwanon rufi. Sabo mai faci ya jefar da famfo ya rugo, wai ya ɗauka kunama ce. Na ce masa ba kunama ba ce, duniya ce ta amsa sallamata. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya koma kan tayarsa. To wa zan gaya wa in ba ke ba? Wa ya san abin da wata ukun nan suka ci a jikina in ba ke ba?

Zan ɗauko bayanin daga tushe, don ina so ki karanta wa Gwaggo Sa'adiyya wannan takardar, ta daina cewa aikina danne-dannen waya ne. Akwai manyan kwamfutoci da ake kira sabar, suna kulle a ɗakuna masu sanyi a garuruwan da ban taɓa takawa ba. A cikinsu asibitoci da makarantu da 'yan kasuwa suke ajiye sirrinsu. Masu kula da su ba sa zuwa da ƙafa, daga nesa suke shiga, mutum yana Kano ya buɗe ƙofar da take bayan teku. A bakin wannan ƙofar akwai manhaja, mai gadi ke nan. Ka faɗi sunanka, ka faɗi kalmar sirrinka, in sun yi daidai ya buɗe, in ba su yi ba ya kore ka. Masu gadin iri-iri ne. Wanda nake yi wa hidima ƙarami ne, rubutunsa a buɗe yake, kowa ya ga dama ya karanta, wanda ya ga ɓaraka ya kawo gyara, wasu mutum uku da ban taɓa ganin fuskarsu ba su duba su ce e ko a'a. Shekara biyu ina cikinsa kamar gonar gado. Na yi noman firi, na yi maimai. Na tuge tsoffin layuka ɗari huɗu da ba sa tsinana komai sai tsotsar saiwa, irin wuta-wuta a gonar gero, fure kamar na amarya, ƙarƙashi kuwa kisa.

Ni fa! Ni da aka cire daga aji uku don in riƙe wa Babana shanun huɗa. Ni da na koyi boko a jikin buhun taki da 'yar takardar nan da ake cusawa cikin kwalin magani, na koyi Turanci a waya mai fasasshen gilashi a gindin kukar bayan gari, don nan ne kaɗai sabis yake yarda ya sauka a ƙauyenmu. Masu takardu a firem suna wucewa a kan babur suna tambayata ko aljanun kukar nake ɗora wa karatu. Yau ina suke? Waye a cikinsu ya taɓa rubuta layi ɗaya da wani a wata ƙasa ya karanta ya ce madalla?

Kuma ke ce sila, zumata farar saƙa. Ke da Baba Dabo.

Kin san zamansa a gindin darbejiyar da take kallon zaurenku, igiyar da yake tufkawa a gefe, carbi a hannu. Duk ƙauyen nan an ɗauka zikiri yake yi. Ashe mu yake ja! In mai zance ya yi sallama bayan la'asar sai ya fara, ba zai tsaya ba sai ya ji ƙarar takalminki a zaure. Shi ya je majalisar mai shayi ya ce 'yar Malam Yahya ta gama zaɓe, mutane su daina wahalar da kansu. Wai in Kamaruddeen malamin firamare ne ya zo, carbi yana zagayawa sau uku kafin ki fito, in kuwa Halilu mai caji ne, ko talatin da uku ba a cikawa. Ba ki gaya wa kowa komai ba. Bakinki a rufe, idonki a ƙasa, babu wadda ta kai ki kunya a layin nan. Ƙafarki ce ta tona ki.

Ran da maganar ta iso mini na yi dariya har na ƙware, na kama hanyar gida ina jin ƙasa ta yi mini kaɗan. Ina tsakanin gonar dawa da ta gyaɗa sai na tsaya cak. Na ce, shi wannan mai gadin nawa fa, ba shi da ƙafa? Na juya shago da gudu, na kunna tsohuwar kwamfutata. Na ƙwanƙwasa masa da sunan da ya sani da kalmar sirri ta ƙarya, na sake ƙwanƙwasawa da sunan da babu shi. Duka biyun ya kore ni, da lafazi iri ɗaya, ko wasali bai bambanta ba. Sai na auna lokaci. In sunan babu shi, nan take yake kora, don ba shi da abin dubawa. In sunan ɗan gida ne, sai ya ɗan shiga ciki ya gwada kalmar kafin ya dawo. Ke sauri ne ya tona ki, shi jinkiri. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ɓarawon zamani ba da ido yake aiki ba, na'ura ce take ja masa carbi. Ya jera sunaye dubu, ya ware waɗanda aka yi wa jinkiri, shi ke nan ya san mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, saura ya zauna neman kalmarsu.

Na sanar da mutum ukun nan a ɓoye, don haka ake yi, ba a shelar ɓaraka sai an toshe ta. Gyarana na farko, na sa mai gadin ya riƙa ɗan tsayawa in baƙon suna ne. Suka mayar mini. Wai jiran da na yanka daidai kwamfutata ne kawai, a mai sauri zai yi yawa, a mai nauyi ya yi kaɗan, tazarar tana nan. Na zage su da Hausa, na gode musu da Turanci, don gaskiyarsu ce. Na biyu na ce to, kada ya yi jiran banza, ya yi aikin gaske: ko sunan babu shi, ya shiga ciki ya gwada kalmar da wata ta bogi, ya sha wahala iri ɗaya. Suka ce dabara ta yi, ina shaida? Shaida! Sati uku ina ƙwanƙwasawa, sau dubu goma a zama ɗaya, rana na fitowa in fara, hadari na rufe sola in tsaya ina harar sama, masu wayoyi a bakin shago suna ce mini na haukace. Sai da lokacin ɗan gida da na baƙo suka kwanta a kan juna kamar sawun mutum ɗaya. Yau suka ce ya shiga. Suka kuma ce daga yau ni ne na huɗunsu, gyaran wasu ma sai ya bi ta hannuna. Halilun gindin kuka!

To ga inda farin cikin ya ci karo da cikas.

Kin tuna Larabar da kika fito mini da tumun farko? An yi yayyafi an ɗauke, kin yafa mayafinki ruwan ganye, kina murza zangarniya a tafinki, kina hure ƙaiƙayi, kina zuba mini a hannu. Wallahi da a ranar aka ce in zaɓa tsakanin tafin nan da duk fadamar da take tsakanin nan da Shanono, da ko waiwayen fadamar ba zan yi ba. Ina ma na yi shiru na ci tumuna! Ina! Harshe ya motsa. Na ba ki labarin ɓarakar, na cika baki, har na kai kan carbin Baba Dabo, ban san maganar ba ta taɓa zuwa kunnenki ba. Na ga hannunki ya daina murza. Kika tambaye ni a hankali ko duk gari an sani. Na ce har Tsanyawa, ina dariya. Kika ce shi wannan ciwon mene ne maganinsa. Ni kuma jaki na gyara zama na ce ai mai sauƙi ne, kowa ya sha jira iri ɗaya, ɗan gida da baƙo. Kika ce to, kin ji. Kika juye mini sauran tumun kika shige.

Sati huɗu ke nan. In na yi sallama, carbi sau uku, ba ƙari ba ragi. Gaisuwar da kike wa Kamaruddeen ita kike mini, kofin da kike ba shi ruwa shi kike ba ni, in kika zauna da shi gwargwadon shan fura, ni ma gwargwadon shan fura. Haba, tauraruwata! Abin da ya ci mini wata uku da kora biyu, ke kin gama shi a yammaci ɗaya, babu wanda ya mayar miki. Baba Dabo ya koma majalisa ya janye maganarsa, ya ce yanzu kunnen doki ne. Kamaruddeen da ya fara ɗauke ƙafa ya wanke babur ya dawo, Lahadin da ta wuce kawunnansa suka shiga wurin Malam da goro.

Abin da yake ƙona ni shi ne na san aikin nan. Gyara in ya yi kyau, wanda ya yi shi ma in ya tsaya a waje ba zai gane komai ba. Ina tsaye a ƙofar zaurenku, ban san matsayina ba. Ina cikin gidan ne kike ɓoye ni daga bakin mutane? Ko dariyar da na yi da kunyarki ce ta sa aka goge sunana, kike yi mini aikin bogi don kada in ji zafin kora? In dariyar ce, na tuba, Ramlatu. Na yi alfahari da abin da yake naki ne, ba nawa ba. Ki hukunta ni da duk abin da kika ga dama, ki hana ni tumu har kaka uku, amma ban da wannan.

Kin san abin da yake gabanmu. Malam mutum ne mai adalci, ya ce ba zai zaɓa miki ba. Juma'ar nan, in an gama shigar da gero, Gwaggo Sa'adiyya za ta tambaye ki. In kin faɗi suna, shi ke nan. In kin sunkuyar da kai kin yi shiru irin na 'yan mata, zai amsa wa waɗanda manyansu suka riga zuwa, don ba zai ajiye dattawa a zaure a kan lissafin mai tufka ba. Nawa manyan kuwa sun ce ba za su sa manyan riguna su je a kunyata su ba sai sun ji magana tsayayya. Kin ga ke nan shirunki ba tsakiya yake ba. Shirunki na Kamaruddeen ne.

Inuwar tsamiyata, ruwan da ya sauka bayan an fid da rai, ni ba ɓarawo ba ne da za a tsare gida saboda ni. Ga abin da zan iya ɗaukar miki, ba zan ƙara da ƙarya ba. Ba ni da takarda a firem, harshena kuma ban ce zai gajarce ba. Amma na iya riƙo. Abin da na sa hannu a kai ba na gina shi in tafi, kullum safiya ina dawowa in duba inda ya tsage in liƙe tun ruwa bai shiga ba. Na iya karɓar gyara: baƙi uku sun mayar mini da aikina sau biyu ban yi zuciya ba, ke ki mayar da ni sau ɗari, sau ɗari zan dawo na fi da. Zan zame miki gawo, wanda yake fid da ganye lokacin da sauran itatuwa suka zubar da nasu. Ran da gashinki ya yi fari kamar audugar da ta fashe a kara, za ki waiwaya ki same ni inda kika bar ni.

Saboda haka ba na son saƙo ta waya, ba na son murmushi ta gefen mayafi, kada kuma Gwaggo ta ja ki ƙuryar ɗaki ki raɗa mata a kunne. Ran Juma'a ki tsaya a tsakar gida, gaban Inna, gaban Gwaggo, gaban matan da suka zo taya ku aikin gero, ki faɗi suna da muryar da kike jan baƙi a Islamiyya. In Kamaruddeen ne, ki faɗa, zan haɗiye, ni zan kai sola gidan biki in haska muku. In kuwa ni ne, ki faɗa yadda kawunnaina za su ji kafin la'asar su nemi rigunansu.

Ni ne naki tun kafin a tambaye ki, Halilu mai caji. Waye, Ramlatu? Ki amsa a gaban mutane.