Sarkin Baka Da Bindigar Roba

Malam Haliru, ranka shi daɗe, don Allah ka taimake ni da shawara kafin Lahadi mai zuwa. Ban saba neman taimako ba. Aji uku na sakandare na tsaya, na fara kasa albasa a kasuwar Bodinga, yau motocina biyu ke kai ta Ikko, ba wanda ya ɗora ni. Ba alfahari nake yi ba, amma talabijin na farko a unguwarmu nawa ne, injin wutarsa ma nawa.

Bara na sayo wani akwatin wasa daga Ikko. Ana jona shi da talabijin, sai tsuntsu ya fito yana giftawa, kai kuma ka auna shi da bindigar roba mai waya, akwatin yana ƙirga wanda ka samu. Ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ma bai da irinsa, na bincika.

To surukina, Baba Mode, mahaifin matata Kulu, shi ne Sarkin Baka na Horo Birni. Shekara arba'in yana harbi, ana cewa zabuwa ba ta tashi gabansa ta sauka da rai. Watan jiya ya zo duba 'yarsa, bayan la'asar zaure cike da mutane, na miƙa masa bindigar don girmamawa. Malam, tsuntsu goma sha biyar, ko ɗaya bai samu ba. Kullum sai ya harba gaban tsuntsun, inda ba komai. Ni da na karɓa na kakkaɓo goma sha biyu. Cikin raha na ce ashe sarautar baka ta taso Bodinga. Aka yi dariya. Ya ajiye bindigar, ya sa mana albarka, ya tafi bai taɓa tuwon da Kulu ta tuƙa masa ba.

Yanzu Kulu ta sauka, namiji, suna ranar Lahadi, kuma sunan Baba Mode nake so in sa wa yaron. Na aika masa da goron suna, ya aiko cewa ƙafa ke damunsa. Da ƙafar nan aka gan shi kasuwar Shagari shekaranjiya. Kulu kuwa kuka kawai take yi idan ta zaci ba na gani.

Na karanta a wata jaridar Ikko cewa an fito da sabon samfuri, tsuntsunsa ya fi girma, bindigarsa ta fi bin hannu. Sai dai da wannan tsuke bakin aljihu an hana shigo da irin kayan. Ko ka san inda zan samu, ko nawa ne, don tsoho ya zo ya rama ya huce?

Mai Akwati, Bodinga

Mai Akwati, Allah ya raya jariri, ya ba mai jego lafiya.

Ban san inda ake sayar da sabon samfuri ba, kuma da na sani ba zan faɗa maka ba. Ka tara jama'a karo na biyu, ka girmama wa Sarkin Baka tsuntsu kamar mai ciwon ido, ka kira wannan biko?

Bari in gaya maka abin da ka gani ba ka gane ba. Maharbi ba ya auna inda tsuntsu yake, inda zai kai yake aunawa, domin kafin harsashi ya isa tsuntsu ya yi gaba. Akwatinka bai san wannan ba. Sau goma sha biyar surukinka ya yi harbi daidai, kai kuma sau goma sha biyu ka yi irin harbin da zai bar ka da yunwa a daji.

Na yarda ba da mugun nufi ka miƙa masa bindigar ba, kuma shi ma bai kamata fushinsa ya sauka kan 'yarsa da jikansa ba. Amma tun yaushe ake gasa da suruki, balle a yi masa ba'a a zaure? Kunyar da ke tsakaninku ba a jona ta da waya.

Gobe ka tafi Horo Birni da kanka, ba direba, ba ɗan aike. Ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce Baba na yi kuskure, kada ka ƙara da "amma". Ka gaya masa sunan da za a raɗa wa yaron. Sannan ka roƙe shi ya fita da kai harbin zabi, gaban maharbansa, da bindigarsa adaka ta gaske. Kada ka damu da yadda za ka yi kuskure da gangan don ka faranta masa. Ba za ka buƙaci gangan ba.

Allah ya sa a yi suna da kakan yaro a zaure, akwatin kuma a rufe da ƙyalle.

Malam Haliru