Garin da suka gaji da ruwan sama

Assalamu alaikum Yaya Isufu. Yaya jikin Inna da iyali, yaya haƙuri da fari? Hatsin da sojoji ke rabawa ya iso Kanan-Bakashe?

Ka tambayi inda za a kai Inna, Agadas inda na taɓa zama ko nan Jos. Na daɗe ina aunawa. A Agadas zafi ke korarmu daga ɗaki. Nan bisa duwatsu, gajimare har cikin unguwa yake saukowa. Jiya aka kece da ruwa, na jera tukwane ina tarewa. Maƙwabciyata ta yi dariya ta ce, "Malam, gobe ma za a yi, mu har mun gaji!"

Ina tsoron sanyin nan saboda ƙafafun Inna, wataƙila ma kuskure nake yi. Amma ku kawo ta, na sayi bargo.

Ku sa mu a addu'a. A gaida kowa.

Ƙanenka, Sani.