Masu Yabon Babin da Ba a Buga Ba

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka a ƙasar da aka tura ku kiyaye zaman lafiya. Mama tana gaishe ka. Ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma zuwa coci ba tare da an ɗauke ta a babur ba. Yaranka suna nan lafiya. Dawar bayan dutse ta yi kyau bana.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙar ƙanwarka a shafin jarida. Dalili shi ne duk abin da muke aika maka daga Zuru cikin ambulan guda yake tafiya, kuma matarka ce ke liƙe shi. Jarida kuwa ka ce tana iso muku cikin kayan da ake kawowa, ko da ta yi wata guda a hanya. Na sakaya sunanka, na canza na sauran mutane da na littafin. Kai dai ka san kanka.

A wasiƙarka ta ƙarshe ka faɗi abu biyu. Ka ce in buga wasiƙun masu karatu a bayan littafi na biyu, kamar yadda marubuta ke yi yanzu. Ka kuma ce za ka cike takardar barin soja, ka dawo gida ka zauna ka yi ta rubutu, alhali saura shekara uku ka kai ga fansho. Ka ce masu karatu sun yi magana. A kan waɗannan masu karatun nake so mu tattauna kafin ka sa hannu a ko'ina.

Bari in tuna maka abin da ka rubuta, don masu leƙen wasiƙar nan su san inda aka dosa. A cikin *Gonar da ke Tafiya*, ƙasa ta daina ba da amfani, sai aka ɗebi mutane a wani ƙaton jirgi zuwa wata duniya, tafiyar shekara ɗari biyu. An kwantar da kowa barci cikin akwatunan sanyi don kada su tsufa. Tanko, ɗan duwatsunmu, shi aka tashe ya kula da gonar cikin jirgin, kada iri ya mutu a hanya. Ya ga fuskar wata Asabe ta gilashin akwatinta, sai ya ɗora wa kansa golmo, noman shekara bakwai da saurayi ke yi wa iyayen yarinya a wurinmu kafin a ba shi ita. Uban yarinyar yana barci, yarinyar tana barci, babu mai shaida sai na'urar da ke kula da iskar jirgin. Har gobe ina cewa ban taɓa karanta kaɗaici irin nasa da Hausa ba.

A bariki ka rubuta shi, da biro, ka sa takardar kabon a ƙasa don ya fito biyu. Saura mako guda ku tashi ka miƙo mini ɗaya a cikin leda. Ka ce, “Ke ce ’yar jarida. Ki gyara mini waƙafi, amma kada ki taɓa mini mutane.”

Littafin ya fito kana can. Bayan wata biyu wasiƙu suka fara shigowa akwatin gidan wayarmu, wanda mabuɗinsa ke hannun matarka, Ladi. Ita ce ke yin fotokwafi ta aika maka. Ni ban riƙe na ainihin ba sai da ka ce in buga su. Guda goma sha tara ne.

Shekara shida na yi a teburin wasiƙun masu karatu a Kaduna. Editan da ya koya mini aiki yakan ce, “Wasiƙar da ta yi miki daɗi fiye da kima, juya ambulan ki duba hatimi.” Na juya. Masu wasiƙun sun ce daga Danko suke, da Wasagu, da Dabai, amma hatimin duka na Zuru ne. Ban kafa hujja da wannan ba, domin na san mutanen ƙauye kan ba ɗan acaba saƙo ya jefa musu a gari.

Abin da ya fara tsaya mini shi ne babu wanda ya roƙi komai. Yaya, mai karatu na gaskiya ba ya rufe wasiƙa bai nemi wani abu ba. Wani zai ce a aiko masa da kwafi kyauta, wata ta nemi hotonka ko lambar wayarka, wani ya ce littafin ya yi tsada, wani kuma ya karkata ya gai da ’yan ajinsu su goma sha biyu. Waɗannan sha taran ba su nemi ko allura ba. Ba wanda ya yi ƙorafin tawadar da ta dushe a tsakiyar littafin, alhali ni kaina sai da na yi wa mai ɗab'i faɗa a kanta. Yabo suka zo yi, suka yi, suka tafi.

Sannan sha ɗaya daga cikinsu sun yabi babi na goma sha huɗu, inda akwatin Asabe ya lalace ta farka na yini ɗaya, ta ga gonar, ta riƙe hannun Tanko ta yi kuka. Wata ta ce ta karanta shi sau uku. Wani ya ce a nan ya ajiye littafin ya fita waje ya share ido.

Wannan babin ba ya cikin littafin da aka buga. Ni na cire shi.

Ga laifina, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Mai ɗab'i ya ce shafuka sun yi yawa, gaskiya ne, amma da na so da na rage a wani wuri. Na cire shi ne don a ganina ka tausaya wa Tanko da wuri, ka biya shi ladansa tun bai gama aiki ba. Na ga littafin ya fi ƙarfi idan Asabe ba ta taɓa sanin ana yi mata wahala ba. Har yanzu haka nake gani. Amma ka ce kada in taɓa maka mutane, na taɓa, na kuma ɓoye. Kwafin littafin da na ce maka ya ɓata a hanya bai ɓata ba, yana cikin durowata. Ban taɓa aika shi ba.

To wa ya karanta abin da ba a buga ba? Matar da ta buga mana rubutun a kwamfuta ba ta taɓa ganinsa ba, na zare shafukan kafin in kai mata. Saura mutum uku: ni, da kai, da Ladi da ka bar wa kwafin kabon.

Mako biyu na yi ina zarginka. Na tuna lokacin da muke yara, ka rubuta wa kanka takardar izini da sunan Baba don ka je kallon kokawa a Dabai, har hedimasta ya yabi kyan rubutun Baba. Na ce ko ka rubuta wasiƙun tun kafin ku tashi, ka bar wa wani abokinka ya riƙa jefawa ɗaya bayan ɗaya. Mutum ba ya barin aiki saboda yabon da ya yi wa kansa, na sani. Amma yana iya neman abin da zai nuna wa Mama, wadda ta ce ɗanta ba zai bar kaki ba sai da fansho kamar ubansa. In haka ne, ka gaya mini, ba zan kai ƙararka ko'ina ba.

Sai wata Asabar na je gidanka kai wa yara littattafan makaranta. A saman kabad, kusa da kwanukan aurenta, na ga kwafin da na ba Ladi ranar da littafin ya fito, yana nan cikin ledarsa ba a ko yage ba. Na tambaye ta cikin wasa ko littafin mijinta ma ba za ta karanta ba. Ta ce, “Ni da na karanta na hannunsa, me zan yi da na inji?” Kwafin kabon yana kan gadonta, gefensa ya yi laushi don yawan buɗewa.

Ka san tana kai man gyaɗa kasuwannin Danko da Wasagu. Da na koma gida na sake duba sunayen da ke ƙasan wasiƙun, sai na gane uku daga ciki. Na sha jin su a bakinta idan tana ba da labarin masu sayen manta. Ɗaya tsohuwa ce wadda ban yi zaton ta taɓa riƙe biro ba.

Ban tambaye ta ba, kuma ban kama hannunta tana rubutu ba. Abin da na gani ke nan, ban ƙara ba.

Na daɗe ina juya dalili. Wataƙila ta so ta ƙarfafa maka gwiwa ne, mutum yana can cikin baƙin wuri. Wataƙila kuma ta fi mu duka sanin inda maɓallinka yake. Shekara nawa tana roƙonka ka bar aikin nan kana dariya? A layinmu kaɗai gida uku aka kawo wa akwatin gawa lulluɓe da tuta, ɗaya gidan ƙanenta ne. Roƙo bai dawo da kai ba, kuka bai dawo da kai ba. Idan ta zauna ta canza hannu sau goma sha tara don ta dawo da kai, ni ban san sunan da zan ba wannan ba. Ƙarya ce, amma ban iya jin haushinta ba.

Duk da haka kana da masu karatu na gaske, kuma na je na nemo su. Akwai shagon hayar littattafai da kaset kusa da tasha, na Malam Sani, wani Bakabe. Kwafi uku na littafinka ya saya. Ya ce, “Hajiya,” ko da yake ya san ni ba Hajiya ba ce, “wanga littahi mata ka ɗauka su maido da hwaɗa, maza kuwa su ce babu harbi ciki.” Na yi hayar duka ukun.

Ɗaya daga ciki, gefen shafukan farko ne kawai ya yi dauɗa, sauran fari fat. Masu ɗaukarsa ba sa wuce shafi na talatin. Ya kamata ka san wannan. Malam Sani bai ɓoye mini ba cewa littafin soyayya kan fita sau biyar kafin naka ya fita sau ɗaya.

Sauran biyun kuwa an mai da gefensu dandali. Wata ta rubuta da jan biro, “Wanga Tanko wawa na, wa ya aike shi?” A ƙasa wani ya amsa da fensir, “Ke ba a taɓa yi miki golmo ba, shi ya sa.” Wata ta uku ta shigo: “In ta farka ta ce ba ta so fa? Sai ya auri na'urar.” Akwai wanda ya ja layi ƙarƙashin wurin da dawar jirgin ta nuna, ya ce, “Gona babu tsuntsu babu ɓera? Malam, ka kai ni can.” Wani, da alama tsohon soja ne, ya ce duk jirgin na'urar ce kaɗai mai hankali, don ita ce ke bin oda. A shafin ƙarshe wata ta rubuta da ƙananan baƙaƙe, “Mijina ma haka yake, yana ta wahala dominmu, bai taɓa tambayata me nake so ba.” Ba ta sa suna ba.

Babu wanda ya kira ka gwani a cikinsu, Yaya. Suna faɗa ne a kan Tanko kamar maƙwabcinsu, kuma a wurina wannan ya fi yabo tsada. Sai dai ba su kai yawan da mutum mai ’ya’ya huɗu zai jingina da su ya bar fansho ba. Ba yanzu ba.

Saboda haka wasiƙun nan sha tara ba zan buga su ba, ko ka yi fushi. In ka yarda, zan kwafe abin da ke gefen shafukan haya in sa a bayan littafi na biyu, har da na mai jan biro. Babi na goma sha huɗu yana nan a ajiye, ko waƙafi ban taɓa ba. In ka ce a mai da shi, zan buɗe littafi na biyu da shi, in kuma rubuta da sunana cewa ni na cire.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka sa hannu a takardar nan kana can. Ka dawo tukuna, ka zauna da matarka, ka tambaye ta abin da take so, ka saurara har ta gama. In bayan haka ka zaɓi barin kaki, ni zan raka ka wurin Mama in tsaya a bayanka. Amma ka bar shi kana sane da dalilin da ya sa.

Kafin jaridar nan ta fito zan je gidanka in karanta wa Ladi wasiƙar da bakina, don kada ta ji a bakin ’yan kasuwa. In ta kore ni, ta yi daidai. In na zarge ta a banza, zan nemi gafararta a wannan shafin, da baƙaƙen da suka fi waɗannan girma.

Allah ya tsare ka daga harsashi da zazzaɓin ƙasar mutane. Ya sanyaya zuciyarka a kaina, ya sanyaya ta Ladi. Ya dawo mana da kai da ƙafafunka, ka zo ka yi mini faɗan da na cancanta. Amin.

Taka ƙanwa,
Rifkatu
Zuru