Na Juya Maganar Dattijo a Gaban Bature

Assalamu alaikum Edita da masu karatu, da fatan an tone gyaɗa lafiya. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni kafin ku yanke mini hukunci.

Ni malamin ofis ne a Gwarzo. Bara waccan gwamnati ta gayyato wani Bature masanin tattalin arziki daga ƙasar waje, don ya ba ta shawara kan gyaran haraji da cinikin gyaɗa. Aka ce ni zan yi masa tafinta, mu zaga ƙauyuka ya ji ta bakin manoma. Ana gobe za mu fita kawuna ya kira ni. Shi ya riƙe ni ina maraya, shi ya sa ni makaranta, kuma shi ke da sikelin awon gyaɗa a Kabo. Ya ce, "Ɗana, kunnen Baturen nan a bakinka yake. Ka san abin da ya dace." Na sunkuyar da kai.

A Gude, a ƙofar gidan mai gari, wani dattijo mai shanu, Baffa Ilu, ya miƙe ya ce, "Yaro, faɗa masa sikelin Kabo yana cutar mu. Faɗa masa mun bar gero mun koma gyaɗa don haraji, rumbunanmu wayam. Burtali kuma a bar mana, in aka nome shi ina shanu za su bi?" Bature ya dube ni riƙe da alƙalami. Ni kuwa na buɗe baki na ce dattijon yana godiya ne, yana roƙon a ƙara musu filin gyaɗa. Bature ya yi murmushi ya miƙa masa hannu. Baffa Ilu ya ɗauka an karɓi kukansa, ya ce da ni, "Allah ya yi maka albarka." Wace albarka? Da wane ido zan dubi Ubangijina?

Bayan shawarar Baturen ta isa sama, aka yanka burtalin aka mai da shi gonaki, kawuna ya sami babban kaso. Da daminar bana shanun Baffa Ilu suka rasa hanya suka faɗa gonar wani, faɗa ya kaure, aka sari ɗan Baffa Ilu, har yau hannunsa na dama ba ya motsi.

Ran kasuwar Kabo da ta wuce na ji an damƙe mini hannu. Baffa Ilu ne. Ya ce, "Malam, ranar nan a Gude akwai tsohon soja a wurin, yana jin Turanci. Sai da ya ga jinin ɗana ya faɗa mini abin da ka gaya wa Baturen." Ya ce, "Ban gaya wa kowa ba tukuna. An ce Baturen zai dawo. Zan sake miƙewa, kai kuma za ka sake fassarawa. Bakinka zan kalla."

Gaskiya ne, wata mai kamawa zai dawo, kuma da sunana ya nemi tafinta. Jiya kawuna ya aiko in je yana nemana, ban je ba. In na faɗi gaskiya na tona asirin wanda ya raine ni, aikina ma ya tafi. In na sake yin ƙarya, akwai mutum biyu da suka sani, ban da Allah.

Jama'a, ku dube ni don girman Allah. Me zan yi?